Uwar Man Bambo Yotamu

Har yau ba na cin dankalin gidan abincin Lonjezo, kuma ba don ba shi da daɗi ba ne. Yana da daɗi, na ɗanɗana na ji da bakina. Kabeji dai ina kai musu ta ƙofar baya, don ni ma ina da bakunan da nake ciyarwa, amma ko kyauta suka miƙo mini faranti ba na karɓa. Dalilina kawunsa ne, Bambo Yotamu Chikopa, wato Baba Yotamu, wanda muka yi shekara ashirin da biyu rumfa jikin rumfa a kasuwar Chimbiya. Ni kabeji da tumatir nake sayarwa, shi yana suyar dankali da naman akuya. Duk kabejin da ya taɓa yankawa ya barbaɗa a kan dankalin wani, daga buhuna ya fito. Saboda haka labarin nan ba ji na yi ba.

Gajeren mutum ne mai faɗin ƙirji. Bayan hannayensa duk tabon fallatsin mai ne, idanunsa kullum jajaye suna ruwa, ga wani tari da ke rigan shi isowa kasuwa da safe. In na ji tarin nan daga wajen masu gyaran keke, na san lokacin kwance buhuna ya yi. Bai iya karatu sosai ba, amma in mai ya yi zafi, da kunne yake ganewa. Yana tsakiyar hira da kai zai ɗaga yatsa ya ce, "Ya yi," ya juya ya watsa dankali.

Chiwaya ɗinsa, wato faffaɗan kaskon ƙarfen nan mai rami a tsakiya, ba saye ya yi ba. Gadonsa ya yi daga yayan mahaifiyarsa, Malume Zakeyo, wato Kawu Zakeyo, wanda ya fara suya a bakin titin nan tun kafin a zuba masa kwalta. Kuma ba kaskon kaɗai ya gada ba, har da man da ke cikinsa.

Wannan man shi muke kira uwar mai. Kullum in kasuwa ta tashi, Bambo Yotamu zai bari ya huce, ya tace shi da ƙyalle cikin wani tsohon galan, ya ɗauka a hammata ya tafi da shi gida. Da safe ya mayar da shi ramin kaskon, ya ƙara sabo a kai, kowane iri ya samu a shago. Ba a taɓa zubar da shi an sake daga farko ba, ko sau ɗaya. Baƙi ne ƙirin kamar shayin da aka manta a wuta. Shi kuma ya rantse cewa har yanzu akwai ɗigon kitsen akuyar farko da Malume Zakeyo ya soya a ciki.

"Achimwene," nakan ce masa, don da yaya nake kiransa, "man nan naka ya girmi 'yata ta fari."

"Kuma ya fi ta jin magana, Nangondo," in ji shi, don da sunan nan ake kirana.

Kowa a Chimbiya ya san yadda ake cin dankalinsa. Ya kwaso da matsami ya zuba maka, ya barbaɗa gishiri da barkono, ya ɗora kabeji da tumatir, sannan ya ɗebo ludayi guda na baƙin man ya kwarara a kai. Ludayin nan shi ne abin da ake zuwa nema. Direbobin manyan motoci daga Blantyre sukan wuce masu suya goma su tsaya a gabansa.

"Bambo, ƙara baƙin!" in ji wani direba.

"Kai da matarka ba ta iya miya ba, a kaina za ka rama?"

"Ƙara dai, hanya da nisa."

Sai ya ƙara rabin ludayi yana gunaguni, alhali ka ga daɗi a fuskarsa.

Akwai kuma abin da masu suya ke yi a tsakaninsu. Duk wanda ya koyi aiki a hannun wani, ranar da zai kafa nasa kaskon sai ya zo da 'yar kwalba, ya durƙusa, a ɗiba masa ludayi ɗaya daga uwar man maigidansa, ya je ya zuba a nasa. Wanda bai yi haka ba, cewa ake dankalinsa maraya ne, kuma abokan sana'a ba su fasa yi masa ba'a. Kasko bakwai a kasuwarmu daga ludayin Bambo Yotamu suka tashi. Amma ludayi daban, uwa daban. Uwar gaba ɗaya, da kaskon, mutum ɗaya yake ajiye wa: Lonjezo, ɗan ƙanwarsa Esinati. Yadda shi ya karɓa daga kawunsa, haka yake so ya miƙa wa ɗan 'yar'uwarsa. 'Ya'yansa na cikinsa sun bi uwarsu ƙauyenta tun da aure ya mutu, dama a al'adarmu can ne gidansu. Ban taɓa jin ya roƙi Allah dukiya ko mota ba. Abin da yake faɗa kullum shi ne, kada man nan ya ƙare a hannunsa.

Esinati ta rasu Lonjezo yana ƙarami, kuma hayaƙin kaskon nan ne ya kai shi makaranta har ya gama sakandare. Daga nan ya bi 'yan'uwansa matasa zuwa Joni, Afirka ta Kudu, ya yi shekara goma sha ɗaya yana aiki a kicin ɗin manyan otal. Duk shekarun nan, in wani ya ce wa Bambo Yotamu yaron ba zai dawo ba, sai ya buga galan ɗin da yatsa ya ce, "Zai dawo. Akwai ajiyarsa a nan."

Ya kuwa dawo. Ya dawo da ƙiba, da agogo, da mata 'yar Lilongwe, ya gina gidan abinci tsallaken titi kusa da gidan mai, da tagogin gilashi da fararen tebura. Ba zan ɗora masa abin da bai yi ba: ya zo har rumfa, ya durƙusa a cikin toka da wandonsa mai tsada, ya gaida kawunsa yadda ya kamata.

"Malume, wahala ta isa haka," ya ce. "Ka bar hayaƙin nan ka zo wurina. Kai ne shugaban suya. Wa ya san dankali a ƙasar nan kamarka?"

Ranar nan Bambo Yotamu ya raba dankali kyauta har ya ƙare. Ya bar wa Benadi, ɗaya daga waɗanda suka koya a hannunsa, wurinsa a kasuwa, wurin da ya fi kowanne kyau, daidai inda motoci ke taka birki. Na ce masa ya dakata ko wata ɗaya ya ga yadda aikin zai kasance. Ya ce mini ai gida zai koma, wa ke barin takalminsa a waje don gudun a kore shi daga gida? Ya ɗora kaskon a ka ya tsallaka titi da shi, mutane suna yi masa tafi. Lonjezo ya yi dariya ya ce a sa a ɗakin ajiya tukuna, za a sama masa wuri. Galan ɗin kuwa Bambo Yotamu ya bar shi a gida, yana jiran ranar da za a ce ya kawo.

Ina kicin ɗin ranar da mutumin kamfanin mai ya zo, na kawo kabeji. Wani dogo ne ɗan arewacin ƙasarmu mai saurin magana, ya sauke jarkoki masu ruwan ƙwai, ya tara ma'aikata a gaban manyan tukwanen suya uku na lantarki. Ya ce wannan man waken suya ne na musamman, ba irin na shago ba, don gidajen abinci aka yi shi, daga waken da ake nomawa a Kasungu da Mchinji. Ya ce ba ya kumfa, ba ya hayaƙi ko ya yi zafi sosai, yana kwanaki ana suya da shi bai canza launi ba. Dankali ba ya shan shi ya yi lagwas. Ba ya barin danƙo a jikin tukunya. Kuma ka soya kifi yanzu, ka soya dankali bayansa, ba mai jin ƙarnin kifin.

"Sharaɗi ɗaya ne," in ji shi. "Kada a haɗa shi da wani mai. Ko cokali ɗaya."

Bambo Yotamu ya tsoma yatsa a bakin jarka ya lasa. Ya daɗe yana juya harshe, sannan ya dubi mutumin kamfanin.

"Ɗana, ka tabbata ba ruwa suka ɗura maka ba?"

Aka yi dariya. Mutumin kamfanin ya ce, "Bambo, ai amfaninsa ke nan. Ba shi da ɗanɗanon kansa, sai na abincin."

"To, man da ba ya tuna abin da aka soya a cikinsa jiya, me zai gaya wa dankalin yau?"

"Ba ma so ya gaya masa komai," in ji mutumin, ya rufe littafinsa.

Ga abin da ke ƙona mini rai har yanzu: duk abin da dogon nan ya faɗa gaskiya ne. Na so a ce ƙaryar 'yan talla ce, da na sami wanda zan zaga. Dankalin yana fitowa fes, launin zinariya, waje ƙaras-ƙaras ciki laushi. Kicin ba hayaƙi. Cikin mako biyu idanun Bambo Yotamu suka washe, har na ga ashe farare ne kamar na kowa. Suka ɗora masa farar hula da farar riga, yana danna maɓalli yana jiran ƙararrawa ta gaya masa abin da kunnensa ya riga ya sani.

Amma in ya tashi aiki ya biyo ta rumfata, ba ya da walwala.

"Achemwali, yaron nan ya buɗe kasko ba uwa," ya ce mini, don shi da 'yar'uwa yake kirana. "Tukwane uku, duk marayu. Benadi da ba jinina ba na ɗiba masa. Ɗan Esinati kuma ban ba shi komai ba."

"Ka yi masa magana mana."

"Na yi. Sau uku. Dariya yake yi, ya dafa kafaɗata ya ce, 'Malume, bar wannan zancen.' Kunya yake ji ya roƙa, na san shi tun yana tsumma. Ya zama babban mutum, ba zai durƙusa da kwalba gaban ma'aikatansa ba."

Haka ya fassara abin, ni kuma ban gyara masa ba.

A mako na uku labari ya bazu cewa wani kamfanin manyan motocin fasinja na neman inda motocinsa za su riƙa tsayawa cin abincin rana tsakanin Lilongwe da Blantyre. Wakilansu za su zo ranar Alhamis da azahar su ɗanɗana abincin Lonjezo. In ya yi musu, mota shida a rana za ta riƙa juye mutane a ƙofarsa. Lonjezo ya daina cin abinci kirki, ya sa aka wanke har rufin ɗaki. Ranar Laraba da yamma ya sa aka juye tukwanen nan uku, aka cika su da sabon mai, jarkokin ƙarshe da suka rage masa.

Da safiyar Alhamis ina jera tumatir na ga Bambo Yotamu zai tsallaka titi da wani abu a naɗe cikin buhu a hammatarsa. Shekara ashirin da biyu ina ganin wannan riƙon, ba sai an buɗe mini ba.

"Achimwene, ina za ka da uwar?"

"Gidan ɗanta," ya ce. Ya yi aski, ya goge takalmi. "Yau ce ranar da yake bukatarta. Baƙi za su zo daga birni su ci dankalin da ba shi da kowa? A ce ɗan Esinati ne ya ba su?"

Na ji abin da mutumin kamfani ya faɗa da kunnena. Da na miƙe na riƙe buhun nan, da ya zage ni ya huce. Maimakon haka dariya na yi, na ce ya gaishe mini da tukwanen. Wannan dariyar ina ɗauke da ita har yau.

Abin da ya faru a kicin, wata mai wanke-wanke ce ta ba ni farkonsa, ƙarshensa kuwa a gabana aka yi. Ya shiga lokacin da kowa ke gaba ana shimfiɗa ƙyallayen tebur. Ya tsaya gaban tukunyar farko da ludayinsa, ya zuba ɗaya. Baƙin ya nutse ya ɓace, kamar ba a zuba komai ba. Ya dubi girman tukwanen, ya dubi ludayin, ya ga ludayin kasko ba zai yi wa waɗannan komai ba. Dama kuma ba ludayi ya yi niyyar bai wa Lonjezo ba, duka ne nasa. Sai ya raba galan ɗin uku, ya juye tas, har ya ɗauraye shi da sabon man ya ƙara zubawa don kada ɗigo ya rage.

Wajen sha biyu da rabi na shiga da kabejin da aka ce in kawo sabo. Tun daga ƙofar baya na ji ƙamshin da na sani, na kayan cikin akuya da hayaƙin itace. Tukwanen suna kumfa har yana zubowa gefe, hayaƙi ya cika kicin yana bi ta tagar miƙa abinci zuwa wurin baƙi. Dankalin ya fito ja-baƙi, ya sha mai ya kwanta. Bambo Yotamu yana tsaye a tsakiyar hayaƙin, idanu sun koma ja, yana murmushi har kunne.

"Nangondo, zo ki ji," ya ce. "Yanzu ya zama dankali."

Baƙin sun riga sun zauna, namiji da mace. Ba sauran mai a ɗakin ajiya, ba kuma lokacin aikawa Dedza a sayo. Haka aka kai musu. Matar ta nemi kifi, ta kai loma ɗaya, ta tambayi mai hidima ko kifin nan a garken awaki ya girma. Namijin ya yi ta tari cikin hankicinsa. Suka sha lemo, suka gode, suka shiga motarsu. Ko rabin awa ba su yi ba.

Lonjezo ya shigo kicin a hankali. Ya dubi tukwanen, ya ga galan ɗin a ƙasa, ya ɗauka ya shinshina.

"Malume, me ka yi?"

"Na ba ka abinka, ɗana. Duka. Ban rage ko..."

"Na ce ka ba ni? Sau nawa na ce ka bari?"

"Ai na san kunya kake ji. Na Malume Zakeyo ne, tun kafin a haifi uwarka ake..."

"Malume, wannan ba mai ba ne, guba ce!" Muryarsa ta fashe, ma'aikata suka sunkuyar da kai. "Datti ne na shekara hamsin! Shi ya cinye maka ƙirji, shi ya cinye maka ido, yanzu ka kawo ya cinye ni. Shekara goma sha ɗaya ina wanke tukwanen wasu a Joni, ana kirana da sunan da ba nawa ba, don in gina wurin nan. Ka san abin da ka zubar yau?"

Ban iya yin shiru ba. Na ce, "Kai Lonjezo, da dattin nan aka saya maka wandon makaranta."

"Mayi, ki ajiye kabejinki ki fita," ya ce, ya kira ni mama amma ko kallona bai yi ba.

Ban fita ba. Ina tsaye ya jawo tiyo, ya ɗaura a bakin famfon tukwanen ɗaya bayan ɗaya, ya buɗe. Man ya bi tiyon ya fita ta ƙofar baya zuwa kwata, yana tururi. Bambo Yotamu ya bi shi da gudu, tsoho da farar hula, ya tsugunna a bakin kwatar da ludayinsa yana ƙoƙarin tara. Abin da ya ɗebo rabi mai ne, rabi ruwan wanke-wanke da ɓawon albasa. Ya riƙe ludayin yana kallo, sannan ya karkata shi ya zubar da kansa.

Da zuciyar Lonjezo ta ɗan sauka, ya fito ya same shi a wurin. Ya ce, "Malume, ka yi haƙuri da abin da na faɗa. Amma kicin kam ka gama. Zan sa maka kujera a bakin ƙofa, ka riƙa gaisawa da mutane, albashinka yana nan. Ka huta."

Bambo Yotamu ya miƙe, ya cire hular da rigar, ya ninke su da kyau ya miƙa masa da hannu biyu.

"Na gode, Bwana," ya ce.

Bwana, abin da muke ce wa mai gida ko baƙon da ya zo da mota. Daga ranar bai sake kiransa da wani suna ba. Ya tsallaka titi da ludayi kawai a hannunsa, kaskon ma bai waiwaya ya tambaya ba.

Wata biyu ya yi a gida bai leƙo kasuwa ba. Da na ga abin ya yi yawa, na ɗauki kwalba na bi masu suya bakwai ɗin nan da suka tashi daga ludayinsa. Na ce ko ɗan kaɗan ne a haɗa masa, ai jininta ne. Benadi ya sosa ƙeya ya ce, "Mayi, ai mun zubar tun wancan watan." Ashe gidan abincin ya fara sayar da man da ya gama amfani da shi ta ƙofar baya, da araha, kuma ko bayan mako guda a tukunya ya fi nasu haske, ba ya hayaƙi, fasinjoji sun fi son ganinsa. Duk bakwai ɗin sun kankare kaskonsu sun koma kansa. Na dawo da kwalbata yadda na fita da ita, ban ma gaya masa na je ba.

Mutanen motocin kuwa sun dawo. Lonjezo ya bi su har Lilongwe ya ba da haƙuri, suka sake zuwa, suka ci, suka yaba. Yau mota ba shida ba, tara ke tsayawa a ƙofarsa. Abin da ya rasa ranar Alhamis ɗin nan, wata uku ya ɗauke shi ya mayar. Abin da kawunsa ya rasa ba inda ake sayar da shi.

Yanzu Bambo Yotamu yana can ƙarshen kasuwa, bayan masu gyaran keke, inda mota ba ta tsayawa. Murfin durom ya sa maƙeri ya bubbuga masa ya yi rami. Na mayar da rumfata kusa da shi, ko da yake ciniki ya fi a da. Man da yake suya da shi ni nake karɓo masa daga ƙofar bayan Lonjezo, in juye a wata jarka in ce daga Dedza aka kawo. Ya san ƙarya nake yi, tun ranar farko da ya lasa ya dube ni. Tarin ya ragu sosai. Yanzu sai dai in ɗaga kai in gan shi ya iso, ba abin da ke sanar da ni.

Lokaci-lokaci wani tsohon direba yakan ajiye mota nesa ya tako ya neme shi.

"Bambo, ina baƙin?"

"Ya ƙare."

"Haba, man naka ne zai ƙare? To zuba mini wannan ɗin."

"Wannan ba a zubawa," in ji shi. Ludayin yana rataye a ƙusa jikin rumfa, ƙura ta hau shi.

Lonjezo yana aiko masa da sukari da sabulu duk wata, shi kuma yana raba wa maƙwabta. Sau biyu ya zo da kansa. Bambo Yotamu ya miƙe tsaye, ya cire hula, ya tambaye shi lafiyar iyali da ta kasuwa, Bwana kaza, Bwana kaza, har Lonjezo ya koma motarsa. Ina tausayin yaron a irin wannan lokacin, amma ba ya daɗewa.

Watan jiya na kai kabeji na tarar da ƙofar baya a kulle, sai na zaga ta gaba, abin da ban taɓa yi ba. Ina shiga na gan shi. Kaskon Malume Zakeyo ne rataye a bango, sama da teburin karɓar kuɗi, an haska shi da ƙwan lantarki. A ƙasansa an rubuta da manyan baƙaƙe wai nan ne asalin gidan, gadon kaka da kakanni. A takardar abinci ma akwai wani faranti da suka sa wa suna Dankalin Malume, shi ya fi kowanne tsada. Wasu fasinjoji suna tsaye a gabansa suna ɗaukar hoto.

Baƙi ne ƙirin yana sheƙi, har na ji sanyi a raina. Na matsa na goga yatsa a cikin ramin na kai hanci. Fenti ne. Mai wanke-wanken ta gaya mini kwana biyu suka yi suna kankare shi da yashi da waya har ya koma farin ƙarfe, sai Lonjezo ya ce ai haka bai yi kama da tsoho ba, aka sayo baƙin fenti aka shafa.

Da na koma rumfa, Bambo Yotamu yana fere dankali. Bai ɗago ba ya ce, "An ce an rataye kaskon."

"An rataye."

"A ina?"

"A gaba, inda kowa zai gani. Har da fitila."

Wuƙar ta tsaya a hannunsa.

"Suna shafa masa mai kuwa, Achemwali? Ƙarfen nan in ya kwana biyu ba mai, tsatsa yake yi."

"Suna shafawa," na ce. "Baƙi ƙirin, yana sheƙi."

Ya gyaɗa kai a hankali. "To," ya ce. "Ashe yaron ya riƙe wani abu."

Ranar nan ya wuni yana fito a gaban murfin durom ɗinsa, abin da ban ji ya yi ba tun da ya tsallaka titin. Ni kuwa na wanke hannuna sau uku, amma har na ɗaure buhuna da yamma ina jin warin fentin a yatsana.